Awon Kaka Kututture

Tun da na dawo Tasawa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Duk wanda ya shigo shagonmu, kafin ya ɗauki manet, abin danna wasa, sai ya ce, "Sabi'u, wai da gaske ne an kore ka daga ƙauye da taɓarya?" Wani kuma ya ce shi ya ji har makoki aka zauna saboda ni. Mutari, abokin sana'ata, shi ya fi kowa yaɗa zancen, alhali ko tasha bai raka ni ba. To, na gaji da bayarwa guntu-guntu. Ga labarin nan daga tushe, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai zo ba.

Ga wanda bai san mu ba, shagon wasannin bidiyo muke da shi a bayan kasuwa. Samari na zuwa su buga ƙwallo ko tseren mota ko kokawa a tele. Ni kuma ina da wata ɗabi'a: in wasa ya zo daga ƙasashen waje, sai na buɗe cikinsa na canza mutanen. Akwai manhajar da ake gina mutum a cikinta, a yi masa ƙashi, a rufa masa fata, a sa masa tufafi. In an gama sai a fitar da shi daga can, a shigar da shi cikin wasan. Da haka na kwashe ƙattin da suka zo da wasan kokawarmu, na zuba namu masu warki da layu, na share musu dandali na zuba rairayi. Tun daga ranar shagon bai sake zama babu kowa ba.

Kakana na wajen uwa, Idi, yana zaune a wani ƙauye bayan El Alasan Mairairai. Kututture ake ce masa, don a zamaninsa in ya kafa ƙafa a fage ba mai tumɓuke shi. Tsofaffi sun ce bayansa bai taɓa shan ƙasa ba. Amma tsofaffin suna ta ƙarewa, hoto ko ɗaya na lokacin babu, samarin ƙauyen kuwa abin da suka sani shi ne wani tsoho mai sanda da ke zama gindin aduwa yana faɗa da awaki. Wannan ya daɗe yana ci mani rai. Sai na ce zan je in ɗauko kamanninsa in saka shi cikin wasan, su gan shi tsaye a fage.

Da na faɗa wa Inna, ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ka tahi, ban hana ka ba. Amma wallahi Sabi'u, kada ka mayar mani da uba abin dariya. Sunan nan shi kaɗai ya rage mishi."

Na ce, "Haba Inna, ni fa gwani ne."

Ta ce, "Gwanintar ce ke ba ni tsoro."

Babbar ordinatar shago, wato kwamfuta, ba ta tafiya, don haka na ari ƙaramar Mutari, na zuba mata manhajar sabuwa fil da wasan. Na kuma ari metir ɗin awo wajen telan unguwarmu, na rataya shi a wuya don a san mai aiki ne ke tafe.

Ranar kasuwar Urafane na shiga mota. Direba ya rantse mutum ɗaya ya rage mu tashi. Mutumin ya zo kuwa, amma da raguna ya zo, kuma ragunan ba su yarda su rabu da shi ba, shi ma bai yarda ba. Aka cusa su tsakanin ƙafafunmu. Ba mu yi nisa ba ƙofar gefena ta buɗe da kanta, na ga ƙasa na gudu a ƙarƙashina. Direba ya tsaya, ya duba ƙofar, ya duba wuyana, ya ce, "Ɗan'uwa, ara mana igiyar nan." Na ce ba igiya ba ce, metir ne. Ya ce, "To ai ya fi, shi ya san tsawon da ake buƙata." Duk motar ta goyi bayansa, har da wata tsohuwa da ta ce in ji tsoron Allah, rayuka ne a ciki. Aka ɗaure ƙofa da metir ɗin tela.

A hanya muka tarar da masu igiya, inda ake tsayar da motoci a leƙa. Wanda ya zo gefena ya nuna jakata.

"Mi ke ciki?"

"Ordinata ce."

"Ta sayarwa?"

"A'a, kakana zan saka a ciki."

Ya dubi jakar, ya dube ni, ya sake duban jakar. "Shi kakan naka ya sani?"

Na ce ya sani. Ya ce, "To, Allah ya ba shi haƙuri," ya sauke igiya.

Da muka isa Urafane aka kwance ƙofa, metir ya fito gida uku, lambobin duk sun goge da man mota. Direba ya miƙo mani gutsattsarin da hannu biyu, har da godiya. Na nemi wani a kasuwa, amma kasuwar ta gero da wake da dabbobi ce, telan da na samu kuma ya ce nasa ko uwarsa ba ya ara wa. Kafin in gama yawo rana ta yi sanyi, abin hawa zuwa gaba babu sai da safe.

Mai ragunan nan, Alhuseini, shi ya ga ina tsaye kamar wanda aka manta. Mutumin makiyaya ne, rawaninsa ya rufe baki, Hausarsa kuwa ta fi tawa tsabta. Ya ce tunda ragunansa sun taka ni tun daga Tasawa, ai mun zama ƴan'uwa, in zo mu je gida. Can na ga abin da ba mu yi a gari. Mu a Tasawa shayi a tsaye muke kurɓe shi, kofi ɗaya, mu wuce. Shi kuwa ya zauna ya hura gawayi, ya yi ta juye shayin daga sama har ya yi kumfa, ya miƙo mani ɗan kofi. Na shanye, na yi godiya, na miƙe. Ya ce, "Ina zuwa? Wannan ai sallama ce kawai." Ashe sau uku ake yi, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce wa mai gida ba ka ji daɗin ganinsa ba. Aka kawo cuku, busasshen nonon nan mai faɗi. Na kai baki na ciza da ƙarfi, haƙorina ya ce ƙas. Ƴaƴansa suka juya baya suna dariya cikin ladabi, shi kuma ya nuna mani yadda ake tsoma shi a shayi ya yi laushi. Abin da ya fi burge ni, har na ci tuwo na kwana na tashi, ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. A unguwarmu kafin ka cire takalmi an san sunan kakarka.

Da safe ya haɗa ni da mai kabu-kabu. Hanyar El Alasan Mairairai sunanta ya faɗi gaskiya, rairayi ne zalla, babur na iyo a ciki. An gama girbi, gonaki duk kara ne tsaye. Muna tafe ya nuna mani wata aduwa ya ce daga nan an bar ƙasar Tasawa an shiga ta Mayahi. Na duba, karan wannan gefen da na wancan duk ɗaya. Shi kuwa garin nuna mani iyaka ya saki hannu guda, babur ya yi mana kaye mai kyau. Na faɗi da baya na ɗaga jakar sama da hannu biyu, kaina a Tasawa, ƙafafuna a Mayahi. Ya tashi ya kakkaɓe ya ce dama kowa a nan yake faɗuwa.

Na isa gida da hantsi. Kakata Iya Dije ta fara hango ni. Kun san wasan jika da kaka. Ta rangaɗa guɗa ta ce, "Angona ya zo! Mi ka kawo mani? Jaka guda, ita ma ba ta abinci ba? Kai, na yi zaɓen tumun dare."

Daga gindin aduwa Kaka ya ɗaga murya, "Ɓarawon mata ya iso. Ku ɓoye mani tsohuwa."

Na durƙusa na gaishe shi. Gaskiya gabana ya faɗi, don ya ƙanƙance fiye da yadda na bar shi. Baya ya lanƙwashe, wuya ya shige. Hannayen ne kawai suna nan yadda suke, da ya riƙe nawa sai da na ji a ƙashi. Aka dama fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki, ba ruwan da ake sayar mana a gari ba.

Ɗaukar hoto ba ta ba ni wahala ba. Ya sa aka ciro masa layunsa daga cikin tukunya, ya ɗaura, ya murtuke fuska ya ce haka ake shiga fage. Na zagaye shi da waya ta kowace kusurwa, tun daga ƙeya har diddige. Abin da ya rage shi ne tsawonsa, don in ba ka san tsawon mutum ba, ba ka san girman da za ka gina shi ba. Metir babu. In ya tsaya kuma a lanƙwashe yake.

Bayan azahar ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya kwanta ya miƙe sambal, ya ja farin mayafi har fuska saboda ƙudaje. Na dube shi na ce, alhamdu lillahi, ga mutum a miƙe. Na je danga na zaro karan gero madaidaici, na lallaɓo don kada in tashe shi, na ajiye karan a gefensa daga kai zuwa diddige, na karya abin da ya yi saura. Ina cikin murna na ji ƙwarya ta faɗi a bayana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Iya Dije ce. Ta ga mijinta a miƙe cikin farin zane, ta ga jikanta durƙushe da kara a hannu. Jama'a, kun sani, ni ma na sani, sau ɗaya ake auna mutum da kara a ƙasar nan: ran da ya cika, a kai wa masu haƙa kabari. Wallahi na san haka tun ina yaro, amma a lokacin kaina na cikin ordinata, ba mutum nake gani ba, tsawo nake gani. Kafin in buɗe baki ta kwarma ihu, maƙwabta sun ɗauka, mata sun shigo da kuka, wani ya ruga kiran liman. Ina ta cewa, "Barci yake! Barci yake!" wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Haƙuri ɗana, dukanmu barcin za mu yi."

Kukan ne ya tashe shi. Ya yaye mayafi ya zauna, mata suka watse har da masu tsallake turmi. Ya dubi jama'a ya ce, "Wa ya mutu?"

Liman, da ya iso yana haki, ya ce, "To, ai kai aka ce."

Nan ne batun taɓarya ya shigo. Gaskiya ne Iya ta bi ni da ita, amma rumbu kawai muka zagaya, ba a kore ni daga ƙauye ba, ku faɗa wa Mutari. Da ƙura ta lafa Kaka ya ce in kawo karan. Ya karya shi guntu-guntu da hannunsa, ya ba Iya ta jefa a murhu. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Gaggawa kake? In tsohuwar kake so, ka ɗauka, ba sai ka binne ni ba."

Na ba shi haƙuri har da hawaye, na yi masa bayanin abin da nake nema. Ya ce, "Ɗan kokawa ba a auna shi kwance. In awona kake so, zo ka kama." Ya jefar da sanda, ya miƙe a hankali, na ji bayansa na ƙara, har ya tsaya ƙirji da ƙirji da ni. Tsakar kansa ta zo mani daidai gira. Na san tsawona, don haka na samu nasa. Ina cikin lissafi ya saƙala mani ƙafa, sai ga ni ina kallon sama. Faɗuwata ta biyu ke nan a ƙasar Mayahi.

Washegari na wuni ina gyara fuskar Kaka da kafaɗunsa a cikin manhajar. Na miƙar masa da baya, na cika masa damatsa yadda Iya ta kwatanta, ta ce kada in rage komai, ita ta san abinta. Wurin da ake samun wuta a ƙauyen guda ne, shagon mai sharjin waya, yana da fanno mai kama hasken rana a kan rufi da tele babba. Labari ya riga ya zaga cewa bayan la'asar Kututture zai shiga fage. Mutane suka zo har daga rugage. Tsohon makaɗinsa ma ya zo da ganga a rataye, wadda aka ce ta daɗe ba ta fita ba. Aka sa wa Kaka kujera a gaba. Batir na ƙarewa, jama'a na matsa mani, sai na fitar da shi daga manhajar na shigar cikin wasan, ban gwada ba.

Fage ya fito a tele, aka yi shewa. Abokin karawa ya shigo yana dukan ƙirji. Sunan Kututture ya fito a rubuce, makaɗi ya ɗora hannu a ganga. Amma mutum babu. Ƙaton nan ya yi ta cafkar iska. Can wani mai ido ya ce, "Ga wani abu can, kusa da ɗan yatsan ƙafarsa." Na matso da hoton. Kaka ne, da layunsa da murtukakkiyar fuskarsa, bai kai gyare girma ba. Kuma a kwance yake rigingine, ƙafafu sama suna wutsil-wutsil.

Bari in gaya muku abin da ya faru, don na gane shi nan take, ganewar ce ba ta da amfani. Kowace kasuwa da tiyarta. Manhajar da metir take awo, wasan kuwa da santimetir. Na ce mata tsawon Kaka ɗaya da ƴan kai, ita tana nufin metir, wasan ya karɓa a santimetir, ya rage shi sau ɗari. Sa'an nan inda manhajar ke kira sama, wasan gaba yake kiransa, shi ya sa mutum ya fito a kwance. A ordinatar shago na daɗe da daidaita waɗannan, har na manta ana daidaita su. Ta Mutari kuwa sabuwa ce, yadda ta zo haka take.

Dariya ta fashe. Da sauri na koma manhajar na ninka shi sau ɗari, na zo wajen fitarwa na sake rubuta ɗari, ban lura na yi sau biyu ba. Na kunna. Fage ya ɓace, abokin karawa ya ɓace, tele duk ta cika da wani bango mai launin ƙasa da tsage-tsage. Aka zuba ido ana kallo. Daga baya can Iya Dije ta ce, "Wannan ai faso ne. Diddigen mijina ne."

Wannan karon har da masu faɗuwa ƙasa. Wani saurayi ya ce, "Ashe dai Kututture na kwanciya!" Ban ga wanda ya faɗa ba, amma Kaka ya ji. Ya lalubi sandarsa ya tashi, jama'a suka buɗa masa hanya, dariyar ta riƙa mutuwa a bayansa. Makaɗi ya juya gangarsa ta koma baya ya bi shi. Ni kuwa maganar Inna ce ta dawo mani, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ƴan kokawar ƙasar nan duka suka kasa, ni jikansa na yi masa a gaban garinsu.

Da safe bai fito gindin aduwa ba. Furar da aka kai masa ta dawo yadda take. Iya ta ajiye mani tawa ta ce, "Sabi'u, ga abinci." Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Taɓaryar ta fi mani sauƙi.

Na koma shagon mai sharji na roƙe shi ya rufe ƙofa. Rezo babu, waya ba ta shiga, balle in tambayi wani. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na ciro abokin karawar daga cikin wasan na kawo shi cikin manhajar, na ajiye shi kusa da Kaka, don a auna su da tiya ɗaya. Na mayar da awon manhajar ya dace da na wasan, na juya Kaka ya fuskanci inda wasan ke kira sama. Na gwada. Ya tsaya da ƙafafunsa, girma daidai, amma da ya ɗaga hannu sai wuya ya miƙe kamar na raƙumi, gwiwa ta fito ta ciki. Ashe fatar na ƙara wa girma, ƙashin na nan ƙarami yadda yake. Kuma ƙarawa kaɗai ba ta isa, sai ka tabbatar wa manhajar cewa wannan shi ne girmansa na asali, ƙashi da fata duka, in ba haka ba tana riƙe da tsohon awon a ranta, ran fitarwa ta mayar maka da shi. Na tabbatar, na fitar, na gwada, na sake gwadawa har mai sharji ya fara gyangyaɗi. Komai ya zauna.

Sai zuciya ta ce mani, tunda ka kunyata shi, ka biya shi. Na ƙara wa Kaka tsawo kaɗan, na rage abokin karawar har ya zo masa a kafaɗa.

Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa ba a amsa ba, na shiga haka nan na durƙusa na ajiye ordinatar a gabansa. Ya daɗe yana kallon bango kafin ya juyo. Ya ga kansa tsaye a fage, ƙafa a kafe. Ya matso da fuska, ya kai yatsa ya taɓa layun. Sai idonsa ya koma kan ɗayan.

"Wanga yaro fa, ɗan wa ka kawo mani?"

Na ce abokin karawarsa ne.

"Kai ka rage shi?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Jiya ka kwantar da ni, yau kuma ka kawo mani ɗan goye in kayar. Wanne ya fi zama zagi? Ni ban taɓa zama babba a fage ba. Gajere ne ni, don haka aka ce Kututture. Akwai wani Mamman, Giginya ake ce mishi, in ya tsaya gabana rana ba ta samuna. Shi ne ya sa aka san ni. Mun kama tun rana na sama har ta yi ja, na ji haƙarƙarina na shirin karyewa, kafin Allah ya ba ni sa'a. Ya rasu tuntuni, ba wanda ke faɗin sunanshi." Ya nuna allon da yatsa. "Mayar da ni yadda nike. Shi kuma ka ƙara shi. In ka rage shi, mi na kayar?"

Nan muka zauna, shi yana faɗa ina yi. Na dawo da shi daidai girata. Ɗayan kuwa, "Ƙara. Ƙara dai. Kafaɗa ta fi haka. Wuyan nan ka cika shi, ba zakara ba ne." Sai da mutumin ya kere shi da kai da kafaɗu sa'an nan ya ce, "Yawwa, ga Mamman." Ya sa na goge sunan da ke jiki na rubuta Giginya. Ya ƙwala wa Iya kira ta kawo furar nan, ya kuma ce a faɗa wa gari a dawo bayan la'asar.

Na ce, "Kaka, na'ura ce za ta riƙe Giginya, ni zan riƙe ka. Tana kayar da ni wani lokaci. In ka faɗi fa?"

Ya ce, "In na faɗi, na faɗi hannun babba."

Mutanen da suka taru sun fi na jiya, don wasu dariyar suka zo ƙarasawa. Giginya ya shigo fage, tsofaffin da ke gaba suka gyara zama, ɗaya ya ce, "Kai! Shi ne wallahi." Kututture ya shigo, tsaye, gajere, ya kafa ƙafa. Ba wanda ya yi dariya. Makaɗi ya saki ganga, ya fara kirarin da ban taɓa ji ba, muryar na rawa amma kalmomin ba su ɓace masa ba. Zufa ta jiƙe mani manet. Giginya ya ɗaga mu sama, mata suka yi salati, na samu muka sauka da ƙafa. Ya sake turo mu har bakin fage. Ina jin numfashin Kaka a gefena, yana cewa a hankali, "Bari ya gaji. Bari ya gaji. Yanzu, ƙafa!" Na danna. Ƙaton ya tafi gaba ɗaya ya zube, rairayi ya tashi.

Wurin ya kaure. Samarin da suka yi dariya jiya su ne ke tsalle suna kiran Kututture, Iya na guɗa tana dukan bayana tana cewa angonta ya biya sadaki. Kaka ya bari sai da aka yi mai isa, sa'an nan ya ɗaga hannu. Ganga ta tsaya.

Ya nuna mutumin da ke kwance a tele ya ce, "Wancan Mamman ne, Giginya. Namiji ne. Ku riƙe sunanshi. Liman, a yi mishi fatiha."

Gari duka ya ɗaga hannu a gaban tele. Ni ma na maƙale manet ɗin tsakanin gwiwoyina na ɗaga nawa.